Auren Kaɗanyar Gimbiya

Man kaɗe ne sana'ar Nagode, kuma da shi aka san ta tun daga Tungar Marke, ƙauyensu da ke bakin gulbi a ƙasar Maradun, har kasuwar Talatar Mafara. Ta haura shekara hamsin, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta Nasidi da matarsa Hauwa'u. Mata da yawa na yin mai a yankin, amma nata ya fi fari, ba ya ɗaci, kuma yana iya shekara a cikin ƙwarya bai canja wari ba. Idan aka yaba mata hannu, sai ta ce abin ba daga hannunta yake ba, daga icce yake.

Iccen kuwa wata kaɗanya ce a gonar gadonsu, can gangaren fadama. Kaɗanyar Gimbiya ake ce mata, da sunan kakarsu wadda ta fara lura cewa ƙwararta daban take. 'Ya'yanta manya ne, ɓawon ƙwarar siriri, kuma idan aka soya aka niƙa, kwano uku na ba da man da kwano biyar na wata kaɗanyar ba zai bayar ba. Ba wanda ya shuka ta. A lokacin ma ba mai shuka kaɗanya. A daji ake tarar da ita, manomi ya bar ta tsaye a gonarsa yana kewaye ta da galma.

Sai aka zo da aikin dam a Bakolori. Shekara huɗu ana jin rugugin injuna daga nesa, ana cewa ruwa zai ci gari, mutane na sauraro suna ci gaba da nomansu. A ƙarshen ranin 1978 maganar ta tabbata. Aka kwashe mutanen Tungar Marke zuwa wani tudu mai jar ƙasa da tsakuwa, aka yanka wa kowane gida fili. Babu babbar kaɗanya ko ɗaya a wurin, sai tsofaffin kututture da masu itacen wuta suka sare tun da daɗewa, waɗanda kowace shekara suke fitar da toho iya ƙugu, manoma su sake sare shi. Ta wajen Bakura kuwa, inda za a yi noman rani, katafila ta riga ta baje komai, har ɗorawa da tsamiya.

Da ruwan farko ya sauka, kaɗe ya fara zuba, Nagode da Hauwa'u suka riƙa sammako zuwa tsohuwar gona, tafiyar da ke cin rabin hantsi. Suka tsince duk abin da kaɗanyar Gimbiya ta zubar a wannan shekarar. Nagode ta ware kwando guda ta ce ba za a dafa shi ba, shukawa za ta yi a sabon fili.

Maganar ta zaga gari kafin azahar. Tsofaffi suka ce ba a taɓa yi ba, wasu suka ce duk wanda ya shuka kaɗanya ba ya ganin 'ya'yanta, ƙasa ke riga ta ɗauke shi. Hauwa'u ta tsorata, ta roƙi surukarta ta bari. Nagode ba ta yi musu da kowa ba. Ta yafa mayafi ta tafi zauren Liman bayan la'asar, ta durƙusa daga bakin ƙofa, suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da gajiyar ƙaura da yadda suka ji da sabon wuri, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Liman ya saurare ta har ta gama. Ya ce shi bai taɓa cin karo da inda aka hana shuka wani icce ba, kuma ajali ba ya jiran kaɗanya ko gudunta. Abin da ya sa ake faɗin haka, a ganinsa, iccen na daɗewa ne kafin ya haihu, har wanda ya shuka ya tsufa.

"Shuka abinki, Nagode," in ji shi. "In kin ci, kin ci. In wani ya ci, ladan naki na."

Ta shuka ƙwara sama da ɗari a gefen gonar. Kurege ya tone kusan rabi. Sauran kuwa aka yi wata guda ba abin da ya fito. Wata safiya ta kasa haƙuri ta sa tsinke ta tona rami ɗaya, sai ta ga ƙwarar ta tsage, ta tura doguwar saiwa ƙasa, sama kuwa ko alamar ganye babu. Ta mayar da ƙasar a hankali ta bar su.

Ana cikin haka ƙanenta Jibirin ya zo duba su. Shi a Talatar Mafara yake zaune, yana aiki a wani lambun renon dashe, kuma abin da ya ƙware a kai shi ne yi wa mangwaro aure: a yanko reshen mangwaro mai daɗi a haɗa shi da jikin ƙaramin dashe, su manne su zama icce ɗaya. Ta kai shi gona ta nuna masa ramukan. Ya duba, ya jinjina kai, ya gaya mata abin da bai so gaya mata ba. Ya ce ko sun fito, sai sun yi shekara goma sha biyar ko ashirin kafin su yi 'ya'ya, kuma ba lalle su biyo uwarsu ba, domin ƙwara takan ɗauko halin wani iccen da ke kusa. Shi ya sa ma ake yi wa mangwaro aure, don reshe ba ya canja hali, kuma yana saurin haihuwa.

Nagode ta tsaya tana kallon tohon kututturen da ke tsakiyar gonar, wanda Nasidi bai kai ga sarewa ba.

"To mi za ya hana a yi ma kaɗanya aure?"

"Yaya, wanga icce ba mangwaro ba na," in ji Jibirin. "Iccen daji na. Ban taɓa jin wanda ya gwada ba."

"Ai kai ma ba ka gwada ba."

Ya yi dariya, ya kawo dalilai. Ya ce kaɗanya na da farin danƙo, da an yanke ta sai ya tsatso ya rufe wurin. Ya ce kuma ya ji ruwa ya riga ya shiga tsohuwar gona. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ruwan ne ma ya sa take sauri. Jibirin ya girma a bayanta, ita ta goya shi lokacin da uwarsu ke jinya, bai saba ce mata a'a ba. Ya ce zai dawo ranar Juma'a da wuƙarsa.

Ranar Asabar da safe suka gangara bakin ruwa. Wani basarke masunci mai suna Gambo, wanda ya san Nagode tun tana sayen kifi a wurinsa a tsohon gari, ya yarda ya kai su a jirginsa. Ruwan ya yi faɗi, ya yi ja, yana kwance kamar ba ya motsi. Suka bi ta kan hanyar da suka saba bi da ƙafa. Gambo na tuƙi yana nuna musu wurare da baki: nan ne masallaci, nan ne rijiya, can ne gidan maƙera. Katangun ƙasa sun narke, sai kawunan rumbuna biyu da ba su gama faɗuwa ba, da wasu balbelu a kansu. Nagode na bin wuraren da ido. Da suka zo daidai gidanta ta sa hannu a ruwa, ta bar shi yana ja har suka wuce.

Kaɗanyar Gimbiya na tsaye, ruwa ya kai mata rabin gindi, ganyenta shar kamar ba abin da ya faru. Gambo ya riƙe reshe ya tsayar da jirgin. Jibirin ya miƙe yana zaɓen ƙananan rassa masu kaurin yatsa, waɗanda idonsu ya cika bai buɗe ba, yana yankowa yana miƙa wa yayarsa, ita kuma tana naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Tururuwa da suka gudo wa ruwa sun cika iccen, suka hau masa hannu har wuya, yana kakkaɓewa yana yankan.

A ranar suka yi aikin. Jibirin ya bi tohon kututturen ɗaya bayan ɗaya, ya sare kai, ya tsaga, ya fiƙe reshen Gimbiya ya cusa, ya ɗaure da zaren leda. Danƙon ya yi yadda ya faɗa: kafin ya gama fiƙe reshe, wurin ya cika da fari, wuƙar na manne masa a yatsu. Suka yi arba'in kafin rana ta yi sanyi. Ya koma Mafara ya ce a ba su sati uku.

Sati uku suka cika, duka arba'in ɗin sun bushe sun yi baƙi. Jibirin ya kwance ɗaya ya nuna mata yadda danƙon ya daskare tsakanin reshen da tohon kamar an sa bango. Ya ce ya yi iyakar saninsa. Nasidi, wanda tun farko bai so a bar toho a tsakiyar gero ba, ya ce to ko yanzu a bar shi ya sare. Uwarsa ta ce ya ƙara mata wata ɗaya.

Kwana biyu tana juya abin a ranta. Ta tuna lokacin ƙuruciya, yadda suke sassaƙar jikin kaɗanya su ɗebi danƙo suna taunawa, da yadda wurin ke daina zuba idan ya kwana. Ta ɗauki wuƙar girki ta tafi gona da yamma, ta sare kan toho guda ta bar shi. Washegari da sassafe ta dawo ta kankare busasshen danƙon, ta tsaga ƙasa da wurin kaɗan. Ɗigo biyu kawai ya fito. Ta aika wa Jibirin saƙo ta hannun masu zuwa kasuwa cewa ya zo, akwai abin da za ta nuna masa.

Da ya gani da idonsa bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya daɗe yana duba tsagar, sannan ya ce su sare kawunan yau, gobe su je ɗebo rassa. Ya ƙara da nasa tunanin: a tsoma gindin rassan a ruwa tun daga jirgi don nasu danƙon ya wanke, kuma a yi wa kowane aure inuwa, domin yana zargin rana ma ta taimaka wajen kashe na farko.

Wannan karon tafiyar ta fi nisa, don bakin ruwan ya matso, gari kuma ya ɓace gaba ɗaya. Gambo ya yi ta kewaye yana auna wuri da duwatsun gabas kafin su hango ta. Kan iccen kawai ya rage a sama, kamar wani ƙaton kwando da aka kife a ruwa. Ganyen ƙasa ya ruɓe, na tsakiya ya yi rawaya. Jirgin ya kutsa cikin rassa, Jibirin na daga zaune yana laluben waɗanda ke da sauran rai. Da ƙyar ya sami talatin da yake ganin za su yi.

Gambo ya ce idan suna da niyyar dawowa su yi sauri, domin shi a ganinsa iccen ba zai kai sabon wata ba.

"Ba mu dawowa," in ji Nagode. "Abin da ta ba mu ke nan."

Ta karya wani ɗan reshe da ba shi da amfani ga aikin ta riƙe a hannu, suka juya.

Suka yi auren da sanyin safiya. Jibirin na tsagawa yana ɗaurewa, Nagode na goge wuƙa da tsumma bayan kowane yanka, Hauwa'u na bi tana kifa wa kowanne ɗan rufi na ganyen kalgo da ta saƙa da tsinke. Tsoron da Hauwa'u ta ji a farko ya wuce, har ita ke tuna musu wanda aka tsallake.

Sati na uku Nagode ta ɗaga rufin farko ta ga baƙi. Na biyu ma haka, har na takwas. A na tara idon reshen ya kumbura ya fashe, wani ɗan ganye ja mai laushi ya leƙo. Ta zauna a ƙasa kusa da shi ta daɗe ba ta ɗaga na goma ba. Da ta gama zagayen, biyar ne suka kama. Ta sa Nasidi ya sari ƙaya ya kewaye kowanne, ya yi ba tare da ta maimaita ba. A wannan watan Gambo ya aiko cewa ruwa ya rufe uwar, kaɗanyar Gimbiya.

Daga nan sai reno. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin sai ta cire shi, don kada kututturen ya mayar da ƙarfinsa ga nasa 'ya'yan. Da rani tana ɗauko ruwa a tulu daga bakin dam. Gara ta ci ɗaya a shekarar farko, duk da tokar da ta zuba. Shekara ta biyu aka yi rikicin nan na bakin dam tsakanin manoma da 'yan sanda, wanda mutanen yankin ba su son tunawa, gari ya watse, su Nagode suka yi sati biyu a Damaga wurin dangin Hauwa'u. Da suka dawo awaki sun ture shinge sun cinye wani har ƙasa. Saura uku. Daga cikin ƙwarar da ta shuka kuma goma sha ɗaya suka rayu, suna tafiya a hankali, shekara uku ba su wuce gwiwa ba.

Ukun nan kuwa, da yake saiwar tsohon kututture ke ɗauke da su, suka miƙe da sauri. Nasidi na noma gero da wake a tsakaninsu, ganyen da suke zubarwa na ruɓewa a wurin, har ya lura geron da ke kusa da su ya fi tsayi. Nagode ta ci gaba da yin mai da ƙwarar da take sayowa daga wajen Gidan Goga. Masu saye a Mafara suka ce man ba kamar da ba, ta ce ta sani.

A shekara ta bakwai, lokacin sanyi, Hauwa'u ta je gona ɗebo karan dawa ta dawo da sauri ba karan. Ta ce Inna ta zo ta gani. Biyu daga cikin itatuwan sun zubar da ganye, kan rassansu ya cika da fure fari-fari, ƙudan zuma na ta shawagi. Nagode ta tsaya a ƙarƙashi tana shaƙar ƙamshin. Icce ne da bai fi tsayin ɗaki ba, mutum na iya kama reshensa daga tsaye, ga shi yana fure kamar wanda ya shekara talatin.

Da damina ta tsince 'ya'yan ɗaya-ɗaya, ba su cika ƙaramin kwando ba. Ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya a tukunyar ƙasa, Hauwa'u ta daka, suka niƙa a dutse. Ta zuba ruwa tana bugawa da hannu har kumfa ya taso, ta kwashe ta tafasa ta tace. Da ya kwana ya daskare, man bai wuce cikin ƙaramar tasa ba. Ta aika aka kira Jibirin, wanda furfura ta fara fito masa a gemu. Ya lakata ya murza a bayan hannu, ya shinshina, ya ɗanɗana.

"Ita ta," ya ce. "Wallahi Yaya, ita ta."

Ba ta kai wannan man kasuwa ba. Ta raba shi uku: ta aika wa Liman, ta aika wa Gambo, sauran aka yi miya da shi a gida, aka shafa wa jaririyar da Hauwa'u ta haifa a watan.

Labari ya bazu. Maƙwabta da suka sare nasu tohon shekara da shekaru suka fara barin biyu ko uku a gona. Jibirin na zuwa duk ƙarshen wata yana yi wa tohon nasu aure da rassan itatuwan ukun, amma aikinsa na Mafara bai bar shi ya wadatar da kowa ba. Dole Nagode ta karɓi wuƙar. Hannunta da ya saba da dutsen niƙa ya yi nauyi a farko, ta ɓata rassa da yawa, daga baya ya faɗa. Wani dattijo daga Ruwan Gizo ya zo da nasa rassan a cikin jiƙaƙƙen rawani, ya ce su ma suna da wata kaɗanya da ta tsufa tana shirin faɗuwa, ba ya son irinta ya ɓace. Ta karɓa ta yi masa a kan toho huɗu, biyu suka kama.

Bayan sallar layya wata mata mai suna Taiba ta zo daga Bakura. Ta ce ita ma mai yin man kaɗe ce kafin a baje musu itatuwa, yanzu tumatir da albasa suke nomawa a filin noman rani, inda ba a yarda a dasa icce ba saboda hanyoyin ruwa. Amma a bayan gari, kan tudun da ruwan bai kai ba, akwai toho da yawa, kuma su mata tara ne suka haɗa kai suka aiko ta. Ba rassa kawai suke so ba, so suke a koya musu.

Nasidi ya ce tafiyar ta yi wa tsohuwa nisa, a jira Kawu Jibirin. Nagode ta ce Jibirin na da aikin gabansa. Ta gaya wa Taiba ta koma su sare kawunan tohon ranar Laraba da yamma, kada su taɓa su kuma, ita za ta iso Alhamis da hantsi.

Ta shiga motar kasuwa zuwa Mafara, ta canja wata zuwa Bakura. Kwana biyu ta yi a can, tana tsugune a kan tudu mata tara na kewaye da ita, tana kama hannun kowace tana nuna mata inda wuƙa za ta tsaya. Ranar Asabar ta dawo da rabin buhun albasa da suka tilasta mata ɗauka, bayanta na ciwo. Hauwa'u ta kawo mata ruwa ta tambayi yadda aka ƙare. Nagode ta sha, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ta ce biyu daga cikinsu sun iya, sauran suna zurfafa tsaga da yawa, sai ta sake komawa idan sati uku sun cika ta ga abin da ya kama. Sannan ta ce a zuba albasar a inuwa kada ta ruɓe.